In an ce na'ura ce ta faɗa, a tambayi yadda aka haɗa jadawalan

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin masu karatu a kan wani al'amari da a ido yake kama da na masana kwamfuta zalla, alhali kuwa idan ya ɓaci, wanda ke ɗanɗana kuɗarsa shi ne manomi ko ɗan fansho ko ɗalibi, mutanen da ba su ma san da zamansa ba. Ina nufin yadda ake rubuta tambayar (wato umarnin da ake bai wa kwamfuta) da za ta haɗo jadawalai da yawa masu alaƙa da juna a cikin rumbun bayanai na kwamfuta domin a fitar da rahoto guda.

A 'yan shekarun nan, daga Katsina har Daura da Funtuwa, ofisoshi da makarantu masu zaman kansu da ƙungiyoyin gama kai da dama sun ajiye manyan littattafan rajista sun koma kwamfuta, kuma babu mai hankalin da zai ƙi wannan ci gaba. Sai dai ya zo mana da wata ɗabi'a mara kyau, domin da zarar an ce na'ura ce ta fitar da adadi, sai musu ya ƙare, kowa ya kama bakinsa. A matsayina na wanda kula da irin waɗannan rumbuna ita ce sana'arsa, ina shaida wa masu karatu cewa tambayar da aka haɗa ba daidai ba ba ta yin gardama, ba ta fitar da saƙon kuskure, ba ta kuma tsayar da na'ura. Takan fito da adadi tsaf, a jere cikin tsari, mai kama da gaskiya ta kowace fuska, a buga shi a takarda, a sa hannu, a danna hatimi, sannan a yi wa bayin Allah hukunci da shi.

Tsarin da kusan duk rumbunan nan ke bi ya samo asali ne daga wani masanin lissafi haifaffen Ingila, Edgar Codd, wanda ya yi aiki da kamfanin IBM a Amurka. A shekarar 1970 ya wallafa maƙalar da ta ba da shawarar a rarraba bayanai a jadawalai daban-daban, kowane jadawali ya ɗauki nau'in abu guda, sannan a ƙulla su da juna ta hanyar ƙimar da suka yi tarayya a kai. A 1974 wasu ma'aikatan kamfanin su biyu, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, suka fito da harshen da daga baya ya zama SQL, wanda hukumar ƙa'idoji ta Amurka ta amince da shi a 1986, ta duniya kuma a 1987, kuma shi ne har gobe ake yi wa manhajojin rumbun bayanai irin su MySQL da PostgreSQL da Oracle da SQLite magana da shi. Hikimar rarrabawar a fili take, domin idan mutum ya sauya lambar waya, wuri ɗaya za a gyara, ba sai an bi takardu ɗari ba. Amma duk abin da aka rarraba, sai an sake haɗa shi a ranar da ake neman rahoto, kuma a nan ne gizo ke saƙa.

Bari in kawo misali da abin da kowa ya sani a ƙasar Daura, wato ƙungiyar manoma da ke bai wa mambobinta takin zamani bashi da damina, su biya da kaka. A ɗauka rumbunta yana da jadawali uku. Na farko na manoma ne, kowane manomi da layinsa ɗaya da lambarsa ta ƙungiya. Na biyu na ɗaukar taki ne, duk sa'ad da mutum ya zo ya ɗauka sai a ƙara layi. Na uku na biyan kuɗi ne, kowane rasit da ma'aji ya yanka layi guda ne. A ɗauka kuma, domin sauƙin lissafi, an ƙayyade buhu a kan naira 40,000. Wani manomi ya ɗauki buhu 4 a farkon damina, ya dawo ya ƙara 6 da gero ya tasa, wato buhu 10 na naira 400,000. Da kaka ta yi ya biya a karo uku, naira 100,000 bayan ya sayar da wake, sai 80,000, sai 70,000, jimla 250,000. Duk wanda ya riƙe biro ya san naira 150,000 ta rage ake bin sa.

To, shugaba ya umarci yaron da ke kula da kwamfuta ya fito da rahoton abin da ake bin kowa. Yaron ya haɗa jadawalin manoma da na taki ta lambar manomi, ya ƙara haɗo na biya ta wannan lambar, sannan ya ce a tara buhuna, a tara kuɗi. A ƙa'idar harshen babu ko harafi ɗaya da ya rubuta ba daidai ba. Sai dai abin da injin ya yi kafin ya fara tarawa shi ne ya gwama kowane layin ɗaukar taki da kowane layin biya, tunda duk lambar manomi ɗaya suke ɗauke da ita, biyu sau uku suka ba da layi shida. Kowace ɗauka ta bayyana sau uku, kowane biya ya bayyana sau biyu. Rahoto ya fito yana cewa mutumin ya ɗauki buhu 30 na naira 1,200,000, ya biya 500,000, ana bin sa 700,000. Na sha ganin yadda irin wannan ke ƙarewa a zauren taro. Dattijo ya miƙe yana rawar murya, ya ce, "Ɗana, wallahi buhu goma na ɗauka, ina zan kai buhu talatin a 'yar gonar nan tawa?" Yaron kuma, cikin ladabi da sakankancewa, ya juyo masa da fuskar kwamfutar ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba ni na rubuta ba, ga shi nan abin da na'ura ta nuna." Dukkansu biyu gaskiya suke faɗa iya saninsu, amma takardar da ke da hatimi ita za a saurara.

Abin da ya fi ba ni takaici a wannan kuskure shi ne wanda yake hukuntawa da wanda yake yi wa rangwame. Gwargwadon yawan karon da mutum ya zo biya, gwargwadon ninkin buhunan da za a ɗora masa, wato mai ƙoƙarin sauke nauyi kaɗan-kaɗan shi ne zai fi kowa shan wuya. A ɗaya ɓangaren, a ce wani ya ɗauki buhu biyu-biyu har karo uku, buhu 6 ke nan na naira 240,000, ya biya 80,000 sau ɗaya tak ya yi zamansa. Wannan biya ɗaya zai maimaitu a layi uku, ya zama 240,000, rahoto ya wanke shi tas, alhali akwai naira 160,000 a kansa. Dalilin da ya sa ba a cika gano matsalar da wuri ba shi ne yawancin mambobi sau ɗaya suke ɗauka, sau ɗaya suke biya, kuma su lissafinsu daidai yake fitowa, don haka idan da su aka gwada tambayar, sai a ga komai lafiya lau.

Idan mai koyo ya lura layuka suna maimaituwa, abin da hannunsa ya fi saurin kaiwa shi ne kalmar DISTINCT, wadda ke share maimaici. A ganina wannan rufa-rufa ce kawai, kuma takan haifar da wata ɓarnar, domin idan manomi ya biya naira 50,000 a watan Nuwamba ya sake biyan 50,000 a Disamba, tarawar da aka ce ta ɗauki adadi mabambanta kaɗai za ta ƙirga ɗaya ta jefar da ɗaya. Gyaran gaskiya shi ne a tara kowane jadawali shi kaɗai tukuna. A fitar da jimlar taki ta kowane manomi, layi ɗaya ga mutum ɗaya, a fitar da jimlar biya haka nan, sannan a haɗa waɗannan taƙaitattun sakamako biyu da jadawalin manoma, ta yadda ɗaya zai sadu da ɗaya, babu abin da zai ninku. Ana yin haka da ƙaramar tambaya a cikin babba, ko da umarnin WITH da ya shigo ƙa'idar harshen a 1999, wanda MySQL ya fara karɓa a fitowarsa ta 8.0. Kafin mutum ya rubuta kowane JOIN, wato umarnin haɗa jadawalai, ya kamata ya iya faɗa da bakinsa abin da layi ɗaya na rahotonsa yake wakilta, manomi ne ko rasit ne ko ɗauka ce, ya kuma san layi nawa ne a jadawalin da zai haɗo za su iya amsa wa layi ɗaya na wanda ke hannunsa. Duk inda ya ga rassa biyu masu yawan layuka sun fito daga jadawali ɗaya, to ya dakata.

Matsala ta biyu kishiyar ta farko ce, domin maimakon a ninka mutane, ɓatar da su ake yi. Haɗin da aka fi amfani da shi, wato INNER JOIN ko haɗin ciki, yana fito da layukan da suka sami abokan gwami a ɓangarorin biyu ne kawai. Manomin da ya ɗauki taki bai biya ko kobo ba, ba shi da layi a jadawalin biya, don haka ba zai bayyana a rahoton bashi ba sam, alhali shi ne mutum na farko da kwamitin ke son gani. Lamarin kamar malamin da ya ƙirga yaran da ke zaune a gabansa ne, sannan ya rubuta cewa yau babu wanda ya yi fashi. Maganinsa shi ne LEFT JOIN ko haɗin hagu, wanda ke riƙe duk layukan jadawalin farko ko sun sami abokan gwami ko ba su samu ba, ya bar guraben ɗaya ɓangaren da alamar NULL, mai nuna cewa babu wata ƙima a wurin.

Amma ko bayan an yi haka, akwai sauran rina a kaba. NULL ba sifili ba ne a wurin injin, saboda haka idan aka debe shi daga naira 400,000, amsar ma NULL ce, gurbin bashin mutumin ya fito fayau, mai karanta takarda ya ɗauka ba a bin sa komai. Dole a mayar da shi sifili da gangan ta amfani da COALESCE kafin a yi lissafi. Haka kuma idan aka ce a ƙirga layuka gaba ɗaya domin sanin sau nawa kowa ya biya, wanda bai taɓa biya ba zai fito da ɗaya, saboda layinsa na nan, sai dai a ce a ƙirga lambar rasit, wadda ƙirga ke tsallake ta idan babu ita. Mafi ɓoyuwa a cikinsu shi ne inda aka ajiye sharaɗi. A ce ana son biyan shekarar 2024 kaɗai, sai mai rubutu ya sa sharaɗin shekarar a sashen WHERE, inda ake tace layuka bayan an gama haɗi. Wanda bai biya ba shekarar biyansa NULL ce, ba za ta cika sharaɗin ba, sai a tace shi a zubar, haɗin hagun ya koma na ciki ba tare da an sauya masa suna ba. Wurin wannan sharaɗi shi ne sashen ON, inda ake bayyana yadda jadawalan za su sadu. Irin wannan tarko yana tare da NOT IN, umarnin nemo waɗanda ba sa cikin wani jeri, domin idan jerin da ake dubawa ya ƙunshi NULL ko da guda ɗaya, tambayar waɗanda ba su biya ba za ta dawo babu kowa, shi ya sa NOT EXISTS ya fi aminci.

Ba zan ɓata lokaci a kan mantuwar sharaɗin haɗi gaba ɗaya ba, wadda ke gwama manoma 500 da rasit 1,200 ta fito da layi 600,000, domin wannan kuskure ne mai tona asirin kansa. Ya isa a ce ya fi faruwa a tsohon salon jera jadawalai da waƙafi, kuma tun ƙa'idar 1992 aka samar da salon rubuta JOIN da ON a fili, wanda shi ya kamata a saba da shi.

Inda nake ganin mu a ƙasar Hausa muka fi kowa buƙatar taka-tsantsan shi ne abin da ake haɗawa da shi. Sau da yawa, musamman idan an kwaso bayanai daga Excel na ofisoshi daban-daban, babu lambar da jadawalan suka yi tarayya a kai, sai a ce a haɗa da suna. A garin da za ka sami mutum biyar masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya a unguwa guda, wannan ganganci ne, domin za a ɗora wa wani bashin wani. Sannan suna ɗaya yana da rubutu barkatai, wannan ofis ya rubuta Muhammad, wancan Mohammed, wani Muhammadu, a gida kuma Mamman ake kiran sa, injin kuwa mutum huɗu yake gani. Sunayen wurare ma haka suke. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi 34, kuma da yawansu ba a rubuta su iri ɗaya, ga Dutsin-Ma da Dutsinma, ga Mai'aduwa da Maiadua, ga Kankiya da Kankia, ga Jibiya da Jibia, balle a zo ga masu haruffa masu ƙugiya irin su Ɓatagarawa da Ƙanƙara, waɗanda wani zai buga da ƙugiya, wani babu, wani kuma ya liƙa musu alama a gefe. Duk layin da rubutunsa bai dace ba, haɗin ciki zai watsar da shi shiru, a wayi gari ƙaramar hukuma guda ta yi ƙasa a rahoto ba a san dalili ba. A matakin unguwa kuwa, akwai Sabon Gari a Daura, akwai Sabon Gari a Funtuwa, don haka wanda ya haɗa da sunan unguwa kaɗai ba tare da lambar ƙaramar hukuma ba, ya cakuɗa mutanen da ke ƙarshen jihar biyu.

Lambar waya ma ba abin dogaro ba ce, domin gida guda kan yi tarayya a layi ɗaya, mutum kan sauya layi, Excel kan cinye sifilin farko idan ya ɗauki lambar a matsayin adadi, wani kuma da 234 yake fara rubutawa. Abin lura kuma shi ne lambar waya da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da lambar BVN ta banki, wadda aka ƙaddamar a 2014, dukkansu lambobi 11 ne, saboda haka idan magatakarda ya sa ɗaya a gurbin ɗaya, duba tsawon lamba ba zai kama shi ba. Ko da NIN ɗin daidai take, ban ga hikimar baza ta a kowane jadawali ba, musamman da yake tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane. Abin da ya dace shi ne rumbu ya bai wa kowane mamba lambarsa ta cikin gida wadda ba ta sauyawa, ba a kuma sake bai wa wani ita, a ajiye NIN a jadawali ɗaya mai tsaro, duk sauran jadawalai su riƙa nuni da lambar cikin gidan.

Tun ran gini ake zane, domin yawancin wahalar tambaya daga tsarin rumbun take tasowa. Idan aka ɗora ƙa'idar cewa ba za a karɓi rasit ba sai lambar manomin da ke kansa tana cikin jadawalin manoma, an toshe ƙofar marayun layuka, wato rasit ɗin da ba a san mai shi ba. Sai dai masu gina manhajojin waya su sani cewa a SQLite wannan kariya a kashe take zuwa sai an kunna ta, kuma tsohon injin MyISAM na MySQL yana karɓar umarnin amma ba ya aiki da shi. Akwai kuma batun farashi, wanda a wannan zamani ba ya zama wuri ɗaya. Idan jadawalin farashi yana da layi uku na taki iri ɗaya saboda an yi ƙari sau biyu, haɗawa da nau'in taki kaɗai zai ninka kowace ɗauka sau uku, idan kuma farashi ɗaya ake ajiyewa ana goge tsohon, za a caji wanda ya ɗauka a watan Yuni da farashin Agusta. Ko dai a haɗa da kwanan wata, ko kuma, abin da ya fi sauƙi, a rubuta farashin ranar a kan layin ɗaukar kansa.

Yanzu da matasa suka koma neman manhajojin ƙirƙirarriyar basira su rubuta musu tambayoyi, buƙatar bincike ƙaruwa ta yi, domin manhajar ba ta san cewa manomanmu a karo uku suke biya ba sai an gaya mata, kuma tambayar da za ta bayar za ta gudu lafiya ko daidai take ko ba daidai ba. Binciken kuwa ba ya buƙatar digiri. A ƙirga layuka kafin haɗi da bayansa, idan mambobi 500 ne rahoto ya fito da layi 530 ko 470, a tsaya a nemi dalili. A gwada jimlar kuɗin da rahoto ya nuna da abin da ke littafin ma'aji da takardar banki. A zaɓi mutane da gangan, wanda ya ɗauka sau da yawa, wanda ya biya sau da yawa, wanda bai biya komai ba, wanda ya biya adadi iri ɗaya sau biyu, a yi lissafinsu da biro a kwatanta.

Ina kira ga malamanmu masu koyar da kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Jami'ar Al-Qalam da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina da takwararta ta tarayya da ke nan Daura, da su riƙa jarraba ɗalibai da bayanai masu datti irin waɗanda za su tarar a bakin aiki, masu sunaye iri ɗaya da gurabe fayau da biya kashi-kashi, su kuma ba da maki a kan hujjar da ɗalibi ya kawo cewa adadinsa daidai ne. Su kuma shugabannin ƙungiyoyi da masu binciken kuɗi, ina ba su shawarar duk rahoton da za a bi mutum bashi da shi, ko a cire sunansa daga albashi ko tallafi, a riƙa liƙa masa kwafin tambayar da ta fitar da shi, wani ma'aikacin daban ya duba ta ya sa hannu, kuma duk wanda ya musanta adadin da aka ɗora masa a buga masa layukansa ɗaya bayan ɗaya, ɗauka daban, biya daban, kowanne da kwanan watansa da lambar rasit ɗinsa, kafin a yanke masa hukunci.

Wassalam.

Naka mai karanta jaridarka a kullum,
daga Daura, Jihar Katsina.